Free Basics: bitar intanet ɗin kyauta da Facebook ya kai wa ƙasashe masu tasowa

Duk wanda ya taɓa buɗe Facebook a ranar da datarsa ta ƙare, a ƙasar da kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin sadarwa, ya san akwatin nan mai ruwan toka da ke tsayawa a gurbin hoto. Rubutun da ke saman hoton yana nan, sunan wanda ya wallafa shi yana nan, martanin jama'a ma yana nan a jere, wasu na taya murna, wasu na addu'a, amma abin da ake magana a kansa ba ya fitowa, sai wani ɗan maɓalli da ke cewa a danna a ga hoto, wanda kowa ya san danna shi na nufin a fara taɓa kuɗin da ke kan layi. Sai mutum ya koma bin martanin mutane ɗaya bayan ɗaya, domin ya gano ko haihuwa aka yi, ko wani ne ya kammala karatu, ko kuwa rasuwa ce. Wani lokaci ma za ka ga wani ya rubuta a ƙasa yana roƙon a gaya masa abin da ke cikin hoton, saboda shi a tsarin kyauta yake. Na daɗe ina amfani da wannan tsari a kan ƙaramar waya, kuma har yau babu abin da ya fi wannan akwatin bayyana mini amfaninsa da iyakarsa a lokaci guda.

Facebook ɗin da ba ya nuna hoto fuska ɗaya ce ta shirin. Ɗaya fuskar ita ce manhajar Free Basics, wadda ke ba mai waya damar shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka ba tare da an cire masa kuɗin data ba. Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya sanar da shirin a watan Agustan 2013 da sunan Internet.org, tare da kamfanonin Samsung da Nokia da Ericsson da Qualcomm da MediaTek da Opera, yana kafa hujja da cewa samun intanet ya kamata a ɗauke shi a matsayin haƙƙin ɗan Adam. Manhajar ta fara aiki a Zambiya a watan Yulin 2014 ta hannun Airtel, daga nan ta shiga Tanzaniya da Kenya, sai Kolombiya da Ghana da Indiya da Filifin a farkon 2015, ta kuma isa Najeriya a watan Mayun 2016. A watan Satumban 2015 aka sauya mata suna zuwa Free Basics, bayan masu suka sun dage cewa sunan farko yana sa mutane su zaci intanet gaba ɗaya ake ba su. Zuwa 2019 tana aiki a ƙasashe sama da 60, kimanin rabinsu a Afirka, kuma duk wanda ya dubi jerin sunayen zai ga cewa mafi yawansu ƙasashe ne da suka taɓa zama a hannun Birtaniya ko Faransa ko Sifaniya ko Fotugal. Facebook ba ya biyan kamfanonin sadarwa kuɗin datar da ake kashewa, su ne ke ɗaukar nauyin, da fatan cewa wanda ya ɗanɗana zai dawo ya saya, kuma Facebook da kansa ya sha tallata shirin da cewa rabin waɗanda suka fara da shi suna sayen data cikin kwana 30.

Adalci ya wajabta in fara da alherinsa, domin alherin na gaske ne. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet, kuma a Afirka masu amfani da shi kashi 38 ne kawai cikin ɗari. A cikin masu amfanin ma, da yawa ba su da data kullum, sukan saya yau ta ƙare gobe, su yi kwanaki kafin su sake samun halin saye. Ga irin wannan mutum, iya aika saƙo ga ɗan'uwa da ke nesa ba tare da ko sisi a kan layi ba, ko duba hasashen ruwan sama, ko karanta bayanin wata cuta a Wikipedia da tsakar dare lokacin da yaro ke zazzaɓi, ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar ba ta da nauyi, tana buɗewa a kan tsohuwar waya mai ƙaramin rumbu, kuma tana jure raunin sabis a wuraren da manyan manhajoji ke tsayawa cik. Masu iya magana sun ce da babu gara ba daɗi, kuma wanda bai taɓa wayar gari ba shi da hanyar tuntuɓar kowa ba, bai kamata ya yi gaggawar raina wannan kyauta ba.

Sai dai da zarar ka wuce allon farko, za ka fara cin karo da katanga. Jerin shafukan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma akwai sunayen da ake yawan gani: Facebook kansa da Messenger, Wikipedia, AccuWeather, BBC, ESPN, shafin BabyCenter na renon ciki da jarirai, wasu bayanan lafiya na UNICEF, injin bincike na Bing, da wasu shafukan neman aiki ko tallan kayayyaki na cikin gida. Duk shafin da ke son shiga jerin sai ya bi sharuɗɗan da Facebook ya gindaya, wato babu bidiyo, babu manyan hotuna, babu JavaScript (harshen kwamfuta da ke sa fom da maɓallan shafi su yi aiki), babu kiran murya ta intanet, babu aika manyan fayiloli. Waɗannan sharuɗɗa suna da dalilinsu, domin su ne ke rage datar da kamfanin sadarwa zai yafe, amma su ne kuma ke fitar da kusan duk abin da ake gudanar da harkokin rayuwa da shi a yau. Fom ɗin neman gurbin karatu, shafin banki, darasin da malami ya ɗauka a bidiyo, taswira, duk ba su da wurin zama a cikin wannan fili.

Mu ɗauki matashin da ya gama makaranta yana neman aiki, wanda shi ne irin mutumin da tallan shirin ya fi son nunawa. Ya buɗe shafin neman aiki a kyauta, ya ga gurbin da ya dace da takardunsa, ya karanta sharuɗɗan har ƙarshe, sai ya tarar an ce a aika takardar bayanin kai ta imel, ko a cike fom a shafin ma'aikatar. Yana danna adireshin, sai gargaɗi ya fito cewa zai bar yankin kyauta, kuma daga nan za a fara cajinsa. Haka yake idan ya yi bincike a Bing: zai ga jerin sakamako da layi biyu ko uku na kowane shafi, amma buɗe shafin sai da kuɗi. An kai shi bakin ƙofa, an nuna masa abin da ke ciki ta taga, an bar shi a tsaye. Takwaransa da iyayensa ke da intanet a gida ya aika takardunsa cikin minti biyar, ya kalli bidiyo a kan yadda ake amsa tambayoyin ganawa, ya kuma bincika tarihin ma'aikatar. Su biyun duka za a ƙirga su cikin masu amfani da intanet idan an zo haɗa alƙaluma, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta ragu ba, sai dai ta ɓuya a cikin lissafi.

Batun harshe ya fi damuna fiye da duk sauran. A 2017 ƙungiyar Global Voices ta gwada manhajar a ƙasashe shida, wato Kolombiya da Ghana da Kenya da Meksiko da Pakistan da Filifin, ta kuma tarar cewa a Kenya mutum na iya zaɓar Suwahili a matsayin harshen allon manhajar, amma kusan duk abin da ke cikin shafukan da Ingilishi yake, a Ghana kuwa komai da Ingilishi ne, duk da yawan masu magana da Tuwi da Hausa. Binciken ya kuma nuna cewa kamfanonin Amurka ne suka fi fitowa fili a jerin. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne a shirin da aka ce an yi shi domin waɗanda ba su taɓa shiga intanet ba, domin a ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, iya harshen Bature shi ne tsohon layin da ya raba jama'a gida biyu, tsakanin wanda ya samu makaranta da wanda bai samu ba, tsakanin birni da karkara, sau da yawa kuma tsakanin namiji da mace. Matar da ke ɗauke da ciki a ƙauye, wadda ita ce ta fi kowa buƙatar bayanin alamun hatsari, idan aka ba ta shi a rubuce cikin harshen da ba ta ji, kuma aka hana sauti da bidiyo waɗanda su ne za su iya isa gare ta, to ba a ba ta komai ba. Tsarin da ya tsaya a kan rubutu zalla ya riga ya zaɓi wanda zai amfana tun kafin a buɗe shi.

Alƙaluma ma sun nuna hakan. Wani bincike da ƙawancen A4AI, mai fafutukar rage tsadar intanet, ya fitar a 2016 daga ƙasashe takwas na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, ya gano cewa kashi 88 cikin ɗari na masu amfani da irin waɗannan tsare-tsare na yafe kuɗin data sun riga sun san intanet kafin nan. Ke nan mafi yawansu ba sababbin shiga ba ne, tsofaffin masu amfani ne da ke cike gurbin kwanakin da ba su da kuɗi. Dalilin a fili yake: abin da ke hana talaka shiga intanet ba kuɗin data ne kaɗai ba. Akwai kuɗin wayar kanta, akwai wutar da za a yi mata caji, akwai karatu, akwai kuma ikon mallakar waya a cikin gida. Ƙungiyar kamfanonin wayar hannu ta duniya, GSMA, ta nuna cewa mutane kimanin biliyan 3 suna zaune a inda sabis ɗin intanet ya kai amma ba sa amfani da shi, kuma a 2023 yiwuwar mace ta yi amfani da intanet ta waya a Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya ta gaza ta namiji da kusan kashi ɗaya cikin uku. Free Basics bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli ba.

Abin da ya taɓa shi ne yadda mutane ke fahimtar intanet ɗin kansa. A 2015 mujallar Quartz ta wallafa sakamakon wani jin ra'ayi da aka tambayi masu amfani da waya ko sun yarda cewa Facebook shi ne intanet. Kashi 65 cikin ɗari a Najeriya suka ce haka ne, kashi 61 a Indonesiya, kashi 58 a Indiya, a Amurka kuwa kashi 5 kacal. Tun kafin nan masu bincike na LIRNEasia, wata cibiyar nazarin harkokin sadarwa a Asiya, sun lura a Indonesiya cewa akwai mutanen da ke cewa ba sa amfani da intanet, amma suna ba da labarin yawan lokacin da suke ɓatawa a Facebook. Ba jahilci ne ya kawo wannan ba, abin da aka miƙa musu ke nan. Idan ƙofa ɗaya ce a buɗe kyauta, sauran duka sai da kuɗi, dole ne mai shago ya kafa tallarsa a nan, ɗan siyasa ya yi kamfen a nan, gidan jarida ya zuba labaransa a nan, har ma'aikatar gwamnati ta riƙa fitar da sanarwa a nan. Matashin da ya ƙirƙiro nasa dandalin sada zumunta ko shafin labarai a Lusaka ko Dhaka kuwa, zai yi gasa ne da abokin hamayyar da shiga wurinsa ba ya cin ko kwabo.

Daga nan ne illar da ta fi girma take tasowa. A tsarin kyauta mutum yana ganin kanun labari, amma buɗe labarin yana buƙatar data. Yana ganin an ce ga hoton abin da ya faru a wani gari, amma ba ya ganin hoton balle ya tantance ko tsoho ne aka sake yaɗawa. Yana iya yin tsokaci da turawa ga wasu a kyauta, amma bin diddigin gaskiyar magana sai ya biya. Wato an sauƙaƙa yaɗawa, an tsaurara tabbatarwa, kuma an yi hakan ga mutanen da suka fi kowa ƙarancin wata hanyar samun labari. 'Yan jarida a Filifin, inda kamfanonin sadarwa suka fara ba da Facebook kyauta tun 2013, sun daɗe suna kokawa da wannan. A Myanmar, inda Free Basics ya yi aiki daga 2016 zuwa 2017 ta hannun kamfanin sadarwa na gwamnati, Facebook ya zama tamkar intanet ɗin ƙasar baki ɗaya a daidai lokacin da ake zuba kalaman ƙiyayya a kan Musulmin Rohingya, waɗanda sama da 700,000 daga cikinsu suka tsere zuwa Bangaladash daga watan Agustan 2017. Ba zan ce manhajar ce ta haddasa kisan ba, sojoji ne suka yi shi, kuma ƙiyayyar ta girme wa intanet. Amma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce kafofin sada zumunta sun taka muhimmiyar rawa, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa a farkon 2015 mutum biyu ne kawai masu jin harshen Bama, babban harshen Myanmar, ke duba wa Facebook irin waɗannan rubuce-rubuce, kuma a watan Nuwamban 2018 Facebook da kansa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da dandalinsa don tunzura jama'a.

Dalilin wannan sakaci yana cikin littafin kuɗin kamfanin. A rubu'in ƙarshe na 2023, matsakaicin abin da Facebook ya samu daga mai amfani ɗaya a Amurka da Kanada ya haura dala 68, a yankin da yake kira sauran duniya kuwa, wanda ya haɗa da Afirka da Kudancin Amurka, dala 4.50 ne. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, ta fitar a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da aka ware don tantance labaran ƙarya ya tafi ne ga Amurka, sauran ƙasashen duniya suka raba kashi 13. Mutumin da ke ƙasa mai tasowa yana da daraja wajen ƙara yawan masu amfani da ake nuna wa masu hannun jari, amma ba shi da darajar da za a ɗauki isassun ma'aikata masu jin harshensa domin kare shi.

Indiya ce ta ƙi karɓar kyautar, kuma yadda aka yi ya cancanci a tsaya a kansa. Free Basics ya shiga ƙasar a watan Fabrairun 2015 tare da kamfanin sadarwa na Reliance Communications, nan da nan kuma masu fafutuka da injiniyoyi da masu ƙananan kamfanonin fasaha suka tashi suna cewa bai halatta wani kamfani ya zaɓa wa talaka shafukan da zai gani ba, domin ƙa'idar intanet ita ce kamfanin sadarwa kada ya fifita wani shafi a kan wani. Facebook ya mayar da martani da tallace-tallace a allunan tituna da cikakkun shafukan jaridu, ya kuma riƙa turo wa masu amfani da shi saƙon da za su aika wa hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, TRAI, don nuna goyon baya. A ranar 8 ga Fabrairun 2016 hukumar ta haramta bambanta kuɗin data bisa ga shafin da ake shiga, shirin ya rufe. Washegari ko jibinsa Marc Andreessen, wanda ke cikin hukumar daraktocin Facebook, ya rubuta a Twitter cewa adawa da mulkin mallaka ta daɗe tana jawo wa mutanen Indiya bala'in tattalin arziki. Ya goge maganar ya nemi afuwa, Zuckerberg ma ya nesanta kansa da ita, amma ta riga ta fito da abin da masu suka ke zargi tun farko, wato cewa a zuciyar wasu masu shirin, ƙasashen nan ba su san abin da ya dace da su ba sai an zaɓa musu. Abin lura shi ne, watanni bakwai bayan haramcin, kamfanin Jio ya shigo kasuwa a watan Satumban 2016, gasa ta karya kuɗin data, daruruwan miliyoyin Indiyawa suka shiga intanet cikakke mai bidiyo da sauti da komai. Wannan ma yana da nasa aibin, domin ya tara iko a hannun attajiri ɗaya, amma ya rushe hujjar cewa talaka ba shi da zaɓi sai tsakanin ɗan yanki da babu.

Kalmar mulkin mallaka na zamanin intanet, wadda aka riƙa jifan shirin da ita, ba na son a yi amfani da ita da garaje, domin babu wanda aka tilasta wa da bindiga, kuma gwamnatoci masu cin gashin kansu ne suka buɗe ƙofa. Duk da haka kamannin yana nan a wajen fasalin hanya. Layin dogo da Birtaniya ta shimfiɗa daga Mombasa zuwa Tafkin Biktoriya, wanda ya kai bakin tafkin a 1901, da wanda Faransa ta ja daga Dakar zuwa Bamako, sun amfani mutanen da suka hau su, babu mai musun haka, amma an zana su ne domin kaya su gangara zuwa tashar jirgin ruwa, ba domin garuruwan cikin ƙasa su haɗu da juna ba. Shekaru da dama bayan 'yancin kai, kiran waya daga wata ƙasar Afirka zuwa maƙwabciyarta sai ya bi ta Landan ko Faris. Free Basics ma haka aka gina shi: duk abin da mutum ya buɗe a cikin manhajar, ko da shafin wata ƙungiya ce ta garinsu, sai ya ratsa ta na'urorin Facebook kafin ya iso gare shi, kuma ta haka kamfanin ke sanin irin wayarsa da layinsa da shafukan da yake shiga. A farkon shirin ma ba a yarda da shafuka masu ɓoye bayanan mai amfani ba, sai da ƙungiyoyi sama da 60 daga ƙasashe kimanin 30 suka rubuta wa Zuckerberg buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Mayun 2015 kafin a fara gyara. A nan ya kamata in ambaci abin da ya faru a Masar, inda hukumomi suka rufe shirin a ƙarshen Disamban 2015, Reuters kuma ta ruwaito daga baya cewa dalilin shi ne Facebook ya ƙi ba gwamnati damar leƙen masu amfani da shi. Wannan abin yabo ne, amma yana kuma tuna mana cewa sirrin miliyoyin mutane ya rataya ne a kan shawarar da ake yankewa a wani ofis a Kalifoniya, ba a kan dokar da suke da ta cewa a kanta ba.

Ko kalmar kyauta ɗin ma ba kullum take cika ba. A watan Janairun 2022 jaridar Wall Street Journal ta wallafa bayanan wasu takardun cikin gida da suka nuna cewa wata matsala a manhajojin kamfanin tana barin bidiyo ya buɗe a tsarin kyauta, kamfanonin sadarwa kuma suna cire kuɗin daga layukan mutane ba tare da sun sani ba. Zuwa tsakiyar 2021 abin da ake cirewa ya kai kimanin dala miliyan 7.8 a wata, kuma Pakistan ce ta fi shan wahala, da kusan dala miliyan 1.9. Kamfanin ya ce yana gyara matsalar. Wanda ke sa kati kaɗan kaɗan, yana ajiye ragowar domin kiran gaggawa, shi ne ya biya wannan kuɗi, kuma shi ne mafi ƙarancin sanin inda zai kai ƙara.

Mutane dai ba su zauna sun zuba ido ba. A Angola, inda aka yafe kuɗin shiga Facebook da Wikipedia, matasa sun gano a wajajen 2016 cewa za su iya ɓoye fina-finai da waƙoƙi da manhajoji a cikin rumbun hotunan Wikipedia, su kuma riƙa rarraba adireshinsu a rukunonin Facebook, har suka gina hanyar musayar fayiloli daga kayan da aka ba su don karatu kawai. Masu kula da Wikipedia sun sha wahalar share su, kuma satar fasaha ce ba shakka, amma labarin ya nuna abin da masu tsara shirin suka kasa gani: mutumin da ba shi da kuɗi ba ya son ɗan abin da wani ya ga ya dace da shi, yana son abin da kowa yake so. Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta rufe nata tsarin na kyauta a 2018, bayan shekara shida. Facebook kuwa ya fito da wata manhaja mai suna Discover a Peru a watan Mayun 2020, wadda ke ba mutum wani adadi na data kullum ya shiga kowane shafi da yake so, sai dai a rubuce kawai. Wannan ci gaba ne, domin ya cire hannun kamfanin daga zaɓen shafuka, kuma amincewa ce a fakaice cewa masu sukar farko suna da gaskiya, ko da yake har yanzu babu sauti babu bidiyo.

Hukuncina ya rabu gida biyu, gwargwadon wanda ke riƙe da wayar. Ga wanda ya riga ya san intanet, ya iya karatu, ya kuma san inda yankin kyauta ya ƙare, Free Basics da Facebook maras hoto abin ajiyewa ne don ranar da babu, kuma ina ba shi shawarar ya kashe buɗewar bidiyo da kansa, ya riƙa duba kuɗin layinsa kafin ya shiga da bayan ya fita, kada kuma ya tura labarin da kanunsa kaɗai ya gani. Ga gwamnatin da ke son ta ƙirga shi cikin nasarorinta na haɗa jama'a da intanet kuwa, ban ga abin yabo ba, domin zanen aro ba ya rufe katara, kuma shirin da kamfani zai iya janyewa a kowace rana, kamar yadda aka janye shi a ƙasashe da dama ba tare da wata sanarwa mai ƙarfi ba, bai kai matsayin manufa ta ƙasa ba. Ma'aunin da Hukumar Faɗaɗa Intanet ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 2018, cewa kuɗin data na wata kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigar mutum, shi ne abin da ya kamata a riƙa tuhumar hukumomi da shi, tare da harajin da suke ɗora wa wayoyi da data, da wutar da ba ta kai karkara ba.

Wanda na fi tausaya wa shi ne sabon shiga, wanda yau aka miƙa masa wayarsa ta farko da alamar Facebook a kan allo. Idan kai ne ka saya masa, ko kai ne ka saita masa ita, kada ka tsaya a buɗe masa asusu. Ka sa masa data ko ta yini ɗaya ce, ka zauna kusa da shi, ka nuna masa sararin da ake rubuta adireshi a saman burauza, ka bar shi ya faɗi abin da ya daɗe yana son sani da harshensa, ya danna sakamakon da ya ga dama, shafin ya buɗe masa har ƙasa da hotunansa.